Yatsa Huɗu a Cikin Ɗinki

Duk unguwar Shahpur Jat ta birnin Delhi an san Masta Shamshad da hali ɗaya: ba ya yanka riga daidai jikin mai ita. Zai auna mace tsaf, ya rubuta da fensirin da ke maƙale a kunnensa, ya ja alli a kan yadi, sannan ya kwantar da yatsunsa huɗu a bayan layin allin, ya bi gefensu da almakashi. Wannan rarar a ciki take zama, a ninke, ba mai ganinta. Daga waje kuwa riga ta zauna ɗas kamar a jikin aka saƙa ta. Haka ya tashi ya ga ubansa na yi a shagonsu na unguwar Karol Bagh, haka shi ma ya yi shekara arba'in da biyu. In ka tambaye shi dalili sai ya dube ka kamar ka tambaye shi abin da ya sa ake sa gishiri a miya. Iyakar abin da yakan ce shi ne, mutum ba ya tsayawa a awo ɗaya.

Shekara biyar ke nan yana yanka a gidan ɗinkin Ketaki Sehgal. Mahaifiyarta, Nirmala, tun tana amarya shagon uban Shamshad take kai ɗinki, kuma Ketaki a nan ta yi wayo, tana zaune a ƙarƙashin teburin yanka tana tsintar ƙyallaye tana yi wa 'yar tsanarta zani. Da ta girma ta yi karatun zayyanar tufafi, ta dawo ta kama hawa biyu a wani lungu da a da ake ɗaure shanu, ta sa wa kamfanin sunan mahaifiyarta, wadda a lokacin ba ta daɗe da rasuwa ba. Mutumin farko da ta je ta ɗauko shi ne Shamshad. A gaban ma'aikata yana ce mata Madam, in su biyu ne kuwa beti yake ce mata, wato 'yata, ita kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Mastaji, wato Masta cikin girmamawa.

Yarinyar tana da ido, wannan ko maƙiyinta ya sani. Tsofaffin sari saƙar garin Banaras da suka shekara talatin a akwatin kakanni suna warin kafur, ita ta fara mai da su gajerun kwat da 'yan mata ke ɗorawa a kan wandon jins. Ita ta yi wa doguwar rigar mata aljihu biyu masu zurfi, waɗanda waya da makulli za su shiga su ɓace. Ita ta ɗinke tattarar sari tun daga shago, mace ta zura shi cikin minti ɗaya ta ruga ta kama jirgin ƙasa zuwa ofis. Ranar da aka fara miƙa wa Shamshad sari aka ce ya sa masa almakashi, sai da ya yi istigfari sau uku, don a saninsa sari ba a yanka shi, ɗaura shi ake yi. Amma da ya ga kwat ɗin a jikin wata likita ta fito daga mota, zaren zinare na walƙiya a kafaɗarta, tana tafiya kamar titin na ubanta ne, sai ya koma gida ya ce wa matarsa yarinyar nan ta Nirmala ta san abin da take yi. Ya yanka duk abin da ta zana, kome baƙuntarsa, kuma ya yanka shi da alfahari. Abu ɗaya ne bai bari ba, yatsunsa huɗu.

Rigimar ta taso ne a tsakiyar damina, ranar da wani babban kanti na Mumbai ya dawo da kwali guda. Riguna goma sha biyu ne na yadi mai shara-shara, irin wanda ake ganin hannu ta cikinsa. Jasleen, mai kula da aikin gidan, wadda ke zana awo a kwamfuta tana zuwa aiki a kan babur ɗinta, ta ɗaga riga ɗaya ta nufi taga da ita. Ga rarar Mastaji nan ta fito ɓaro-ɓaro, doguwar inuwa a kowane gefe. Jasleen ba ta da mugunta, gaskiya ce ta faɗa: masu sayen kayan yanzu ba sa komawa wurin tela, lamba suke dubawa a wuyan riga, in ta matse su sayi wata. Wannan ne karo na biyu da aka dawo da kaya saboda haka.

Ketaki ta kira shi ofis ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Ta ce ta san daga inda al'adar ta fito, tana kuma girmama ta, amma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Daga yau ɗinki a bakin layi zai tsaya, a datse sauran. Akwai masana'anta a unguwar Okhla da ke da injin yanka mai bin zanen kwamfuta, kuma an daɗe ana ba ta shawara ta kai aikin can.

"Mastaji, in aka sake samun rara a rigar gidan nan, yanka zai koma Okhla. Ba zan sallame ka ba, za ka zauna kana duba aiki. Amma almakashi zai bar hannunka."

Ya ce ya ji. Ya fito ya koma teburinsa ya tsaya yana kallon almakashin. Ƙirar garin Meerut ne mai marikin tagulla, da sunan ubansa a jiki, har marikin ya lotsa daidai babban yatsansa. Zama a kujera yana duba aikin inji, a wurinsa da wannan da a ce ya mutu a tsaye duk ɗaya ne.

Lallan mai guga, wanda suka shekara biyar suna tsokanar juna ta saman tururi, ya riga ya ji komai, don bangon ofishin katako ne. Ya tura ganyen da yake taunawa gefen kumatu ya ce ai dama ya faɗa, Masta Shamshad ko likkafani aka ba shi sai ya bar rara, wai ko mamacin zai yi ƙiba a hanya. Shamshad ya ce gara shi, wani kuwa shekara talatin yana goge tufafin mutane amma ya kasa goge tattarar da ke goshinsa. Masu keken ɗinki suka yi dariya. Da dariyar ta lafa Lallan ya matso ya rage murya, ya ce masa ya bi a hankali, don ita yarinyar ma ba da son ranta ta faɗa ba.

Mako uku Shamshad yana yanka a bakin layi. Sabo turken wawa, hannunsa na hagu yakan kwanta a kan yadi da kansa, sai ya tuna ya janye shi ya sa a aljihu. Da yamma yakan ga siraran ƙyallen da aka datse a ƙasa, mai shara na tura su da tsintsiya, ya kau da kai. Kuma don a faɗi gaskiya, rigunan sun yi kyau. Sun fito sakayau, gefensu kamar an ja da alƙalami, shi da kansa ya ɗaga ɗaya a taga ya gyaɗa kai. Abin da ya dame shi kawai shi ne, kowace daga cikinsu ta mace ɗaya ce a shekara ɗaya.

Ana nan sai ga Ketaki wata safiya da ƙunshi a farin ƙyalle. Ta kwance shi a kan teburinsa. Tun kafin ta gama buɗewa ya gane shi: jan sarin auren Nirmala, alharinin Banaras mai nauyi, da furannin zinare a jere, tare da 'yar rigarsa ta ciki. Ketaki ta ce bikin cikar kamfanin shekara biyar zai zo daidai da Diwali, babban bikin fitilu, saura mako goma, za a yi nunin kaya, kuma a ƙarshe in ta fito gaishe da jama'a wannan take son sawa. Kwat mai kama jiki, a kan baƙin wando. Bakin hannun 'yar rigar kuma a farke shi a yi wuya da shi. Ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba sai Mastaji.

Ya ɗauko tef ya auna ta, kamar yadda ya saba, idonsa a kan lamba. Kafaɗa tana nan yadda take. Hannu yana nan. Da ya zo ƙugu sai ya ga inci ɗaya da rabi da ba ya nan a watan jiya. Ya rubuta lambar kawai. A daidai nan aka kawo shayi mai citta, wanda Ketaki ke shan kofi huɗu a rana, ta ture shi da bayan hannu. Lallan ya danna dutsen guga a kan riga mai sitaci, tururi ya tashi, sai ta toshe hanci da gyalenta ta fita baranda ta jima.

Shamshad yana da 'ya'ya mata huɗu, ya kuma shekara arba'in yana auna mata. Tela yakan san wannan labari tun kafin surukai su sani. Ya kuma san abin da duk gidan ya sani ba a faɗa: sau biyu Ketaki tana samun ciki yana zubewa, na biyun har an kawo gadon jariri gida, daga baya aka fitar da shi ta ƙofar baya. Tun daga lokacin ba a maganar yara a gabanta. Irin wannan abu kuwa ba a ambatonsa kafin ya yi ƙwari, saboda baki, ba a banza ake rataya lemun tsami da barkono a ƙofar shago ba. Balle shi namiji, dattijo, wanda ba ubanta ba. Da ya buɗe baki gara ƙasa ta tsage ya shige.

Ta dawo daga baranda tana goge fuska, ta dubi takardar awon, sannan ta dube shi.

"Daidai wannan awon, Mastaji. Ya kama ni sosai. Ko rabin yatsa ban yarda ba."

"Beti, sati goma da nisa. Mutum yakan..."

"Na san abin da mutum yakan yi. Daidai awon."

Ta faɗa da sauri, ba ta kalle shi ba, kuma a nan ya gane ba gayu ne ya sa ta faɗa ba. Tsoro ne. Wadda aka fitar wa da gadon jariri ta ƙofar baya ba za ta sake tanadar wa kowa wuri ba, ko a cikin riga.

Ya wuni bai taɓa sarin ba. In ya bi maganarta, ranar Diwali kwat ba za ta rufu ba, in Allah ya raya abin da ke cikin, kuma sarin auren uwa guda ɗaya ne a duniya, abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. In ya bi hannunsa, ya san abin da ta ce a ofis, ya kuma san ita ba ta magana biyu, don a wannan uwarta ta biyo. Ya yi sallar azahar a ɗan lungun da ke bayan tarin yadi, ya dawo, ya ce bari ya fara da abin da babu gardama a kansa. Ya ɗauki 'yar rigar ya soma farke ta.

Da ya buɗe ɗinkin gefe ya baje rarar da ke ciki, sai ya ajiye reza ya gyara tabarau. Alharini ba ya manta allura. Ga huda nan a jere, layi uku, kowane da nasa wurin. Ya san su kamar yadda ya san layukan tafin hannunsa. Ya daɗe a zaune yana bin su da farce, har Lallan ya leƙo ya tambaya ko barci yake yi da ido buɗe. Ya ninke 'yar rigar ya sa a aljihun tebur, ya shimfiɗa sarin, ya ja alli. Sannan ya kwantar da hannunsa na hagu a bayan layin, ya ƙara yatsa biyu na dama a kai.

Kwana huɗu ya yi a kan kwat ɗin, bai bar mai keke ko ɗaya ya taɓa ba. Ya daidaita yankan yadda duk ranar da aka buɗe gefen, furannin zinaren da ke ɓoye za su haɗu da na waje, rabi ya sami rabinsa, kamar dama haka aka saƙa. Ya kwantar da rarar ta baya, ya kama ta da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana, ya rufe da shafi mai laushi. Da aka rataya ta a jikin gunkin gwaji, masu keke suka tsayar da aiki suka zo kallo. Wuyan ya tsaya kyam, ƙugun ya shiga, jan yana ɗaukar ido. Lallan ma da ba ya yabon kowa ya ce wannan ko shi aka ba zai sa.

Jasleen ce ta fara ganowa, don aikinta ne ta shafa kowane ɗinki kafin ya fita. Hannunta ya tsaya a gefen kwat ɗin. Ta dubi Shamshad, ta dubi ƙofar ofis, ta ce masa a hankali ita dai idonta bai ga komai ba, kuma ba ta taɓa ganin aikin da ya kai wannan ba, amma ya tuna yatsun Madam a ƙarƙashin teburinsa suka yi wayo.

Haka kuwa aka yi. Ketaki ta sa kwat ɗin a gaban madubi ta tsaya cak, don fuskar uwarta ta gani a ciki. Ta juya hagu, ta juya dama, ta sa maɓalli. Sannan ta sauke hannu ta shafa gefe, kamar yadda duk mai sana'ar ke yi ba tare da tunani ba. Fuskarta ta canza. Ta ce kowa ya ba su wuri.

Ta ce ta roƙe shi. Ta ce a duk kayan duniya wannan kaɗai ta roƙa a yi mata yadda take so, shi ne ya yi mata yadda shi yake so. Ta tambaye shi ko don ya ga ta girma a gabansa ne ya sa maganarta ba ta da nauyi. Ya ga fushin ya fi ƙarfin laifin, ya san kuma dalili.

Shamshad bai kare kansa ba. Ya ɗauki almakashinsa ya ajiye a gabanta, marikin yana fuskantarta. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da 'yar rigar Nirmala, ya baje gefen da ya farke a inda haske ke faɗowa.

"Almakashi ga shi, beti, na ji sharaɗi kuma na karya. Amma kafin ki ɗauka, dubi nan."

Ya sa farce a layin tsakiya. Ya ce wannan ɗinkin ubansa ne, satin auren mamanta, tana 'yar shekara ashirin da ɗaya. Ya matsa can ciki, inda rigar ta fi matsewa. Ya ce wannan nasa ne, shekara shida da suka wuce, lokacin da ciwo ya cinye ta amma ta rantse sai ta sa sarin aurenta a bikin 'yar ƙanwarta. Ketaki ta tuna bikin, ita ta riƙe ta suka shiga. Sannan ya kai farcensa layin ƙarshe, can bakin ƙyallen, inda saura ƙiris yadin ya ƙare.

"Wannan ma nawa ne. Shi ne aikin farko da Abba ya yarda na yi ni kaɗai. Ta zo da surukarta, tana jin kunya, ta ce wai rigar ce ta shiga ruwa ta tsuke. Abba ya ce to, a buɗe wa rigar duka, tun da ruwan bai gama aikinsa ba." Ya ɗan yi murmushi. "Bayan wata huɗu aka kawo mana alewar haihuwarki."

Ketaki ta sunkuya. Ta ɗora yatsanta a kan layin, ta bi shi daga sama har ƙasa, huda bayan huda. Ba ta da hoton uwarta ko ɗaya na wannan lokaci, don a gidansu ba a ɗaukar mai ciki hoto. Yau ga faɗin uwarta a gabanta, da ita a ciki. Ta zauna a kan kujerar mai keke ta rufe fuska da 'yar rigar, ta yi kuka irin wanda aka daɗe ana riƙewa. Shamshad ya juya baya yana gyara allurai da ba su bukatar gyara.

Da ta sami kanta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, sau biyu tana tanadar wuri, sau biyu wurin yana zama fayau yana kallonta. Ba za ta iya na uku ba.

"Ni ban ce komai ba, beti, ban kuma san komai ba. Tela ne ni. Rara ba ta tambayar kowa komai. In an bukace ta tana nan. In ba a bukace ta ba, tana kwance a ciki, ba mai ganinta, riga kuma ba ta fasa kyau ba."

Daga baya ta tashi, ta cire kwat ɗin ta rataya da kanta, ta ninke 'yar rigar ta sa a jakarta, ta ce a nemi wani abin a ƙawata wuyan kwat ɗin da shi, wannan ba za a ƙara taɓa ta ba. Ta fita. Almakashin yana nan inda ya ajiye shi, ba ta ɗauka ba, ba ta kuma ce ya ɗauka ba. Har aka tashi aiki bai taɓa shi ba. Washegari ya tarar an mayar da shi gefen dama na teburin, inda yake ajiye shi kullum, da sabuwar takardar yanka a ƙarƙashinsa da rubutun Jasleen: yadi mai shara-shara a bakin layi, alharini da auduga yadda Mastaji ya gani.

Makonnin da suka biyo baya ba wanda ya ce komai. Ketaki ta koma sa manyan riguna, ta daina hawa bene da gudu. Lallan ya mayar da teburin gugarsa can bakin taga, wai don zafi, alhali sanyi ne ke shigowa. Mai kawo shayi ya koma kawo mata ruwan kwakwa ba tare da an ce masa ba. Gida mai mutum ashirin da bakwai, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba. Shamshad kuwa duk sallar da ya yi sai ya ƙara wata addu'a da bai faɗa wa kowa ba, kuma duk safiyar da ya ji takunta a matakala sai ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa.

Ranar nunin, da hantsi, lungun ya cika da furanni da fitilun Diwali da ba a kunna ba tukuna, ana ta sauke kaya zuwa mota. Ketaki ta shigo ɗakin yanka da kwat ɗin a jikinta. Maɓallin sama ya shiga. Na biyu ya shiga da ƙyar. Na uku da raminsa kuwa ko gaisawa ba su yi ba. Ta tsaya a gabansa, kunya da dariya suna kokawa a fuskarta.

"Mastaji, rigar nan ta shiga ruwa."

"Haka alharini yake, Madam," in ji shi, yana laluben reza.

"Nawa ka bari?"

"Shida."

"Ba huɗu ba?"

"Huɗu na kowa ne."

Ya farke shafin, ya saki ɗinkin hannun, ya buɗe yatsa biyu a kowane gefe. Furannin da ke ɓoye suka fito suka haɗu da 'yan'uwansu, ba ka ce an taɓa raba su ba. Jasleen ta ɗauki hoton wurin da wayarta ta ce wannan sai ta nuna wa malamanta na makaranta. Cikin rabin awa ya mayar da ɗinki. Ketaki ta sa, maɓalli uku suka shiga lafiya, ta tsaya a madubi da jan sarin uwarta a kafaɗa da baƙin wando a ƙasa, kyakkyawa ƙwarai, ta kuma fi kowace ranar da ya santa kama da Nirmala.

Abu ɗaya ya rage. A gefen kwat ɗin, kusa da sabon ɗinkin, tsohon layin ya bar hudarsa a waje, siririya, daga hammata zuwa ƙugu. Lallan ya riga ya jiƙa ƙyalle, dutsen guga na huci a hannunsa. Ya ce a ba shi minti biyu, da tururi da farce zai rufe hudar nan har mai saƙar ma ba zai gane ba, don wannan ne aikin da ya fi kowa iyawa a Delhi. Ya miƙa hannu.

Ketaki ta dafe wurin da tafinta.

"A'a, yaya Lallan. Bar su."

Lallan ya ce fitilun dandamali ba su da kunya, masu hoto za su gani.

"Su gani," ta ce. Ta dubi Shamshad, idonta ya cika, hannunta bai bar gefen ba. "Akwai wanda zai zo ya nema wata rana."

Lallan ya ajiye dutsen gugar. Shamshad ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa, sannan ya mayar ya jawo yadin da ke jiransa a kan tebur.